Houston: A Kan Sawun Malamin Injiniya Mai Kofuna 16

Daga filin jirgin sama na George Bush zuwa tsakiyar birnin Houston, tafiyar kusan rabin awa ce idan babu cunkoso. Wani ɗan'uwa mutumin Zariya da ya daɗe a can ne ya ɗauko ni. Zafin Texas ya tarbe mu tun a bakin ƙofa, zafi mai laima irin na Legas, wanda ke liƙa wa mutum riga a baya. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya juyo ya dube ni.

"Yanzu Malam, duk wannan tafiya saboda kocin golf? Na ɗauka Hakeem za ka bi sawu."

Na ce, "Alhaji, makarantarsu ai ɗaya ce, kuma zamaninsu ya haɗu."

Duk ɗan Najeriyar da ya ji sunan Jami'ar Houston, Hakeem Olajuwon ne ke fara zuwa masa a rai, kuma ya cancanci hakan. A 1983 da 1984 ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar ta kai wasan ƙarshe na ƙasa da shi a ciki, ta sha kashi sau biyun. A waɗannan shekarun kuwa, wata ƙaramar ƙungiya ta makarantar, wadda 'yan kallo ba sa cika fili dominta, ta ɗauko kofin ƙasa a 1982 da 1984 da 1985. Mai horar da ita wani dattijo ne da ake kira Dave Williams, kuma na 1985 ɗin shi ne kofinsa na 16.

Washegari na hau jirgin ƙasan cikin gari zuwa jami'ar, wadda ke gefen unguwar Third Ward, tsohuwar unguwar baƙar fata. Na zaga harabar da ƙafa. Ga katafaren filin ƙwallon Amurka, ga zauren ƙwallon kwando, ga gine-ginen sashen injiniya. Filin golf ne babu. Makarantar da ta mamaye golf na jami'o'in Amurka har shekara talatin ba ta da filin wasan a cikin gidanta. Yaran Williams filayen cikin gari da na kewaye suke bi, na gwamnati da na kulob-kulob, duk inda aka buɗe musu ƙofa.

Na daɗe tsaye a gaban sashen injiniya, domin daga nan mutumin ya fito. An haife shi a 1918 a Texas, kuma malamin injiniya ne a jami'ar lokacin da aka damƙa masa ƙungiyar golf a farkon shekarun 1950. Bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa mai cin abinci da sanda ba. A 1956 ya ci kofin ƙasa na hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ya kuma riƙe shi shekara biyar a jere har 1960. Ya sake ɗauka a 1962, sannan sau huɗu a jere daga 1964 zuwa 1967, sai 1969 da 1970. Wato cikin shekara goma sha biyar, sau uku kacal kofin ya kwana a wani gida. John Wooden, wanda Amurkawa ke ɗauka a matsayin sarkin masu horar da ƙwallon kwando na jami'a, kofuna 10 ya tara.

Tambayar da na zo da ita ita ce: me malamin injiniya yake koya wa yaran da tun suna sakandare sun fi shi iya bugu? A filin Memorial Park, filin gwamnatin birni da aka buɗe a 1936, wanda yanzu ake buga gasar Houston Open a kai, na zauna a inuwa ina kallon masu atisaye. Wani tsoho da ke jiran abokan wasansa ya ba ni wuri a benci, muka taɓa hira. Da na ambaci sunan Williams, ba riƙon sanda ko tsayuwar ƙafa ya kawo ba. Maganarsa duk a kan yawan yaran da mutumin ke tarawa ne, da yadda samun gurbi a tawagar Houston ya fi cin wasu gasannin wuya.

A nan, a ganina, sirrin yake. A gasar jami'o'i 'yan wasa biyar ake fitarwa, a ƙirga bugun huɗun da suka fi kyau, ƙungiyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. Williams kan tara yara fiye da yadda tawaga ke buƙata, ya sa su yi ta fafatawa a tsakaninsu domin a ga wa zai shiga mota ranar tafiya. Yaron da ya saba zama zakara a garinsu sai ya tarar da zakaru da yawa a ɗaki guda. Takardar ƙirgen bugu ce ke yanke hukunci, babu ɗan gida, babu ɗan lele. Wanda ya saba da wannan matsin kowane mako, ranar gasar ƙasa ba ta razana shi.

Bai tsaya ga ƙungiyarsa ba, tsarin wasan kansa ya taɓa. A da, jami'a biyu ne ke haɗuwa, ɗan wasa ya kara da ɗan wasa rami bayan rami. Williams na cikin waɗanda suka tura lamarin zuwa manyan gasanni, inda makarantu da yawa ke haɗuwa a ƙirga jimillar bugu kamar yadda ƙwararru ke yi. Ya kafa gasar All-America Intercollegiate a Houston, ya sa yaransa suna fita da kaya iri ɗaya. Wasan da kowa ke bugawa don kansa ya mai da shi na ƙungiya mai tuta. Shi ya sa ake masa laƙabi da uban golf na jami'o'i, kuma lambar yabon da ƙungiyar masu horar da golf na jami'o'in Amurka ke ba gwarzon koci duk shekara sunansa take ɗauke da shi.

Daga Memorial Park, Alhaji ya bi da ni ta River Oaks, unguwar masu hannu da shuni, muka wuce ta gaban kulob ɗinsu. Mahaifin Homero Blancas, mutumin asalin Meziko, ma'aikacin kula da ciyawa ne a wannan filin. Ɗansa ya shiga ƙungiyar Williams, kuma a 1962, yana ɗalibi, ya gama ramuka 18 da bugu 55 a wata gasa a Longview. Filin gajere ne, amma har yau adadin na ba masu wasan mamaki. Labarin Blancas ya fi taɓa ni a cikin duka, domin na tuna yaran da ke ɗaukar wa manya jakar sanduna a filayen Kano da Kaduna, waɗanda wasunsu ke da hannu na ban mamaki, amma babu wata jami'a da ke aiko mutum ya duba su.

Sauran ɗaliban Williams duk mai bin wasan ya san sunayensu. John Mahaffey ya ci gasar PGA a 1978. Fuzzy Zoeller ya ci gasar Masters a 1979 da US Open a 1984. Bill Rogers ya ɗauki gasar Open ta Birtaniya a 1981. Steve Elkington, wanda aka ɗauko tun daga Ostareliya, ya ci PGA a 1995. Fred Couples ya taso ne a wani filin gwamnati a Seattle, ya zo Houston a 1977, kuma abin mamaki bai ci kofin ƙasa da ƙungiyar ba, don ya faɗo tsakanin na 1977 da na 1982. Abokin ɗakinsa, Jim Nantz, bai yi nisa da sanda ba, sai ya koma aikin talabijin. Suna ɗalibai sukan kwaikwayi hirar da ake yi da wanda ya ci Masters. A 1992 Couples ya ci, kuma Nantz ne ya zauna gabansa a tashar CBS ya yi hirar da gaske.

Tsarin bai dace da kowa ba. Nick Faldo ya zo daga Ingila a 1976, bai cika wata uku ba ya tattara ya koma, don yana ganin zaman aji na cinye masa lokacin atisaye. Daga baya ya ci manyan gasanni shida, fiye da kowane ɗalibin Williams da ya zauna.

Akwai kuma abin da bai kamata mai ziyara ya kau da kai daga gare shi ba. Kofuna biyar na farko an ci su ne lokacin da jami'ar ba ta ɗaukar ɗalibi baƙar fata. Sai a farkon shekarun 1960 ta buɗe ƙofa, kuma sai a 1961 ƙungiyar ƙwararru ta PGA ta soke dokarta ta farar fata zalla. Jami'ar Texas Southern ta baƙar fata tana nan kusa, tafiyar ƙafa ce. Na taka tsakanin makarantun biyu ina tunanin yara nawa ne a wannan unguwa da idon Williams, mai ganin ɗan wasa daga nesa, bai sami damar sauka a kansu ba. Wannan ba ya rage masa kofi ko ɗaya, amma yana cikin lissafin zamanin.

Ranar Juma'a muka yi salla a Islamic Da'wah Center, tsohon ginin banki a tsakiyar gari da Olajuwon ya saya ya mayar masallaci. Bayan an idar, Alhaji ya ce, "To Malam, ka ga na Hakeem. Mu je ka ga na mutuminka."

Muka nufi arewa zuwa Humble, kusa da filin jirgi, inda Golf Club of Houston yake. A can ne ƙungiyar jami'ar ta sami matsuguni, wurin atisaye da aka raɗa wa suna Dave Williams Golf Academy. Shi kansa bai gan shi ba. Ya ajiye aiki a 1987 da nasarar gasanni 342, ya rasu a 1998. 'Yan wasan jami'a na yanzu suna da na'urar auna gudun ƙwallo da kyamarar da ke rarraba bugu daki-daki, abubuwan da malamin injiniya zai so ya taɓa. Gasar ma ta sauya: tun 2009 ana ƙare kofin ƙasa ne da karawar mutum da mutum tsakanin ƙungiyoyi takwas, tsarin da Williams ya yi ƙoƙarin janye wasan daga gare shi. Houston ba ta sake cin kofin ba tun 1985. Duk da haka, in ban da Yale mai 21, wadda ta ci nata na ƙarshe a 1943 tun wasan na hannun 'yan makarantu kaɗan, har yau babu jami'ar da ta kamo 16 ɗin da mutum ɗaya ya tara mata.