Neman Muryar Kuntigin Ɗan Maraya

Duk wanda ya taɓa jin Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos yana kiɗa a bainar jama'a ya san kuntiginsa na da wata murya siririya mai kaifi, wadda kan ratsa taro kome hayaniyarsa. An haife shi a 1946, ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa. Kuntigi kuwa tsirkiya ɗaya tak gare shi, cikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya.

Ɗan ƙanena ne ya jawo ni cikin wannan sha'ani. An gayyace shi kiɗan biki a Sule Tankarkar, ya kuwa cika baki cewa za a ji irin amon Ɗan Maraya. Ya same ni a Gumel, ya ce, "Baffa, a taimaka, kada in kunyata." Ni ba makaɗi ba ne, gidanmu allo aka sani, amma kunyar yaro ta gida ce.

Ran Alhamis muka sayo fata a kasuwar Maigatari, muka jiƙa, muka ɗaure a bakin gwangwani, muka shanya. Da ta bushe ya kaɗa, sai muka ji kamar kiɗan ƙwarya. Ashe ta yi kauri. Ta biyu sai da aka kankare ta har ta kusa nuna haske. Ga shi damina ce, laima kan sa fata ta saki, tilas a kanga ta jikin garwashi kafin kiɗa.

Wajen na'ura aka fi shan wuya. Muka yi hayar amfilifaya da lasifika biyu wurin wani mai gyaran rediyo. Shi ya saba da kiɗan samari, sai ya murɗa maɓallin kauri har ƙarshe, ya ƙara amsa-kuwwa. Kai, ba abin da muka ji sai gurnani! Dalili kuwa, ƙaramin gwangwani ba shi da babbar murya, in ka nemi na'ura ta ƙara abin da babu, sai ta ƙara ƙugin iska da na waya. Muka mai da kauri kan 2, kaifi kan 7, muka kashe amsa-kuwwa, domin kiɗan na da sauri, in ana maimaita shi sai ya cakuɗe. Makirfo muka kafa taƙi guda daga fatar, lasifika kuma gaba da shi, don in suna bayansa sai su yi ta tsuwwa.

Ba mu kaɗai ke wannan wahala ba. A Amurka da Ingila samari kan kashe dukiya su sayi gitar Fender Stratocaster da amfilifayar Marshall, wai don su sami amon Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970. Shi kuwa bahago ne, gitar badama ya kan juya ya kaɗa. Mu dai tamu asarar ba ta wuce fatu biyu ba.

Ran biki aka cika fili. Da yaron ya soma, wani dattijo da ya zo daga Gagarawa ya matso, ya kasa kunne, ya ce muryar kuntigin ta yi daidai, amma hannun yana gajiya da wuri, in waƙa ta yi nisa sai kiɗa ya riƙa ja da baya. Duk da haka ya liƙa masa kuɗi. Yanzu kullum bayan la'asar yaron na bayan gida yana kaɗawa, ba na'ura, maƙwabta har sun fara kawo ƙara.