Baƙin man sintetik ko wanda muka saba? Magana ga masu motocin gas



Gardamar baƙin mai ba ta ƙarewa a gareji. Wani ya ce duk wanda bai zuba wa Hilux ɗinsa sintetik ba yana zaluntar inji, wani kuma ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsu ya ce ka ji, ruwa ne zalla aka tsawwala wa kuɗi. Ni ra'ayina, sintetik ya fi inganci, babu ja. Amma abin da ke kashe injin gas a ƙasarmu yawanci ba ya tambayar wane iri ka zuba, kuma a nan nake so mu tsaya.

Da motocin da ke shan gas nake, irin su Hilux mai inji 5L ko 2KD, da sababbi masu 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke ratsa yashi daga Agadas zuwa Dirku da injin 1HZ. Da yawa daga cikin Hilux ɗin da ke yawo a Najeriya fetur suke sha, su nasu lissafin daban ne.

Baƙin man da muka saba daga ɗanyen mai ake tace shi, don haka ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba, kuma akwai ragowar datti da tacewa ba ta fitar ba. Idan zafi ya yi yawa sai marasa nauyin su ƙone su tashi, sauran su yi kauri su zama kwalta. Sintetik kuwa a masana'anta ake gina ƙwayoyinsa, ko a tace ɗanyen man da tsananin zafi da matsi har su daidaita. Man sintetik na Mobil 1 ya shiga kasuwa a 1974, kuma a 1999 wata hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka ta yanke cewa Castrol na iya kiran mansa sintetik duk da cewa asalinsa ɗanyen mai ne da aka tace sosai. Tun daga nan yawancin galan ɗin da ka gani da wannan suna irin na biyun ne. Mai ne mai kyau, sai dai sunan kaɗai ba ya gaya maka komai game da dacewarsa da injinka.

Inda sintetik ke nuna kansa shi ne tarbo. Wannan ɗan ƙaramin abu yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙi mai tsananin zafi ne ke tura shi, kuma baƙin man nan shi ke shafe shi, shi ke sanyaya shi. Direba ya taho daga Kano zuwa Maiduguri da lodi a tsakiyar bazara, yana isa ya kashe mota nan take: man da ya tsaya a cikin tarbo sai ya toye ya zama gawayi, a hankali ya toshe hanyar mai. Sintetik ya fi jure wannan azaba nesa ba kusa ba. Ko da shi ɗin ma, ka bar inji ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ka murɗa makulli.

Maganar kauri kuma, yatsa ba ya auna ta. A 15W-40, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu idan inji yana sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan ya kai digiri 100. Saboda haka 5W-40 na sintetik da 15W-40 da muka saba, da inji ya ɗau zafi kaurinsu aji ɗaya ne. Bambancin da asuba yake, musamman a hunturu a Jos ko cikin Sahara, lokacin da na farkon ke riga isa sassan inji na sama.

To amma ga abin da mai sayarwa ba ya faɗa. Injin gas yana haifar da kunkunniya, ita ce ke sa man ya yi baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye. Wannan baƙin ba lalacewa ba ce, alama ce cewa sinadaran da ke cikin man suna riƙe da dattin, sun hana shi kwantawa. Sai dai riƙon yana da iyaka. Sannan akwai farar wuta da ke cikin gas ɗin kanta, wadda idan ta ƙone ta haɗu da laima take zama asid mai cin ƙarfe. A Turai tun 2009 ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa gas ɗin da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, inda ta samu wanda ya ninka ƙa'idar Turai har sau 378. A 2020 ECOWAS ta amince a sauko zuwa kashi 50 cikin miliyan, kuma an samu ci gaba, amma wa zai rantse a kan abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a bakin hanya? Ga kuma ƙura. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji yashi ne mai laushi, idan ta tsallake filtar iska ta shiga mai sai ta riƙa goge ringi da silinda kamar sanfefa. Sintetik ba ya narkar da yashi, ba ya ɓatar da kunkunniya, kuma maganin asid ɗin da ke cikinsa yana ƙarewa kamar na kowane mai.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce wa mai mota ya zuba sintetik ya manta da juye sai bayan kilomita 15,000 ko 20,000. Wannan lissafin na masu tsaftataccen gas ne da titin kwalta. Littafin motar ma ya ware hanyar ƙura da jan kaya mai nauyi da daɗewa a silo a matsayin aiki mai tsanani da ke buƙatar rage tazarar juye, mu kuwa wannan shi ne aikinmu na kullum. Injin Hilux yana cin kusan lita 7. Mutumin da ya kashe kuɗi mai yawa a kan sintetik zai ji ciwon zubar da shi da wuri, sai ya ja lokaci, asarar da yake gudu ta same shi a wurin ringi.

Don haka idan motarka tsohuwa ce mai 5L ko 1HZ, babu tarbo, ni zan ce ka nemi 15W-40 na kirki ka riƙa juye duk kilomita 5,000 tare da sabuwar filta. Ka duba bayan galan inda aka rubuta API. Harafin C na injin gas ne, S na fetur. CH-4 na 1998 da CI-4 na 2002 sun dace da tsofaffin injuna da irin gas ɗinmu. Galan ɗin da ba ka ga C a jikinsa ba, ka mayar wa mai shi ko da an rubuta sintetik da manyan haruffa. Masu cewa sintetik yana sa tsohon inji yoyo kuwa, abin da ke faruwa shi ne yana wanke dauɗar da ta liƙe sil ɗin da ya riga ya mutu.

Sabuwar mota labarinta daban, musamman 'yar Kwatano da aka ƙera don Turai. Irin waɗannan suna da matatar hayaƙi a salansa da ake kira DPF, kuma tokar baƙin mai na toshe ta. Su sai mai ƙarancin toka, wanda aka rubuta wa ACEA C2, galibi 0W-30 ko 5W-30, kuma kusan duk irinsa sintetik ne. A nan babu zaɓi. Mai irin wannan mota ya riƙa zare geji, idan ya ga mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, gas ne ke gangarawa ciki yana tsinka shi, juye ya wajaba ko lokaci bai yi ba.

Saura jabu. Mai mai tsada shi 'yan damfara suka fi kwaikwaya, domin a nan ribar take: a tara tsofaffin galan, a cika su da man durom, wani lokaci ma wanda aka riga aka yi aiki da shi aka tace, a liƙe. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ka duba hatimin murfin da kanka, a buɗe a gabanka. Idan bakanike ya gama zubawa ka ce masa, Malam, a huda galan ɗin nan kafin a jefar, ko kuma ka sa shi a bayan mota ka tafi da abinka.