Lambar da Ke Jikin Kwali

Alkawarin ya kai shekara guda. Lokacin da Auta ya fara shirin jarrabawar kammala sakandare, yayansa, wanda ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsu, ya ce in sakamako ya yi kyau zai haɗa masa kwamfutar wasa. Sakamako ya fito da kyau, alkawari ya zama bashi. Yayan akanta ne mai albashi ƙidayayye, don haka suka yanke shawarar sayen kayan ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa da kansu. Sun samu masarrafi Ryzen 5 3600 da babban allo samfurin B450, duka na hannu. Abu biyu suka rage, katin hoto da ma'ajiyar bayanai ta SSD, kuɗin hannu kuwa ba zai ɗauki mafi tsadar kowanne ba.

Auta ya riga ya yi zaɓinsa: ma'ajiya mai cin gigabait 500, wadda aka rubuta wa gudun megabait 7,000 a daƙiƙa a jikin kwali.

"Yaya, wannan ce. Dubi lambarta, ta ninka ta waccan."

Yayan bai san kwamfuta sosai ba, amma aiki ya koya masa cewa ba a yarda da lamba sai an san abin da take aunawa. Ya nemi a ba shi kwana uku. Auta ya yi shiru irin na wanda yake zargin za a rage masa hanya, kuma wannan shirun ya fi tsadar kayan damun yayan.

Abu na farko da ya gano yana cikin takardar allon da suka saya. Gudun 7,000 na ma'ajiyar NVMe ne da ke bin layin PCIe 4.0, ramin M.2 na allon B450 kuwa a PCIe 3.0 ya tsaya, inda iyakar gudu ba ta wuce kimanin 3,500 ba. Ma'ajiyar za ta yi aiki, sai dai rabin gudun da aka biya kuɗinsa zai zauna a banza.

Na biyu, ita kanta lambar tana auna karanta babban fayil guda ne a jere, alhali wasa yakan ɗebo ƙananan fayiloli masu yawa daga wurare dabam-dabam. Babban sauyin da ɗan wasa ke ji yana zuwa ne ranar da ya bar tsohon faifai mai juyawa ya koma SSD kowace iri. Daga nan, tsakanin ta SATA mai gudun kusan 550 da ta NVMe, abin da ke raguwa a yawancin wasanni 'yan daƙiƙoƙi ne na jiran wasa ya buɗe. Santsin motsi a fuskar kwamfuta aikin katin hoto ne da masarrafi. Duk nairar da aka ƙara wa gudun ma'ajiya, daga bakin katin hoto aka cire ta.

Na uku shi ne ya fi nauyi, wato girma. Ma'ajiyar gigabait 500 Windows kan nuna ta a matsayin 465, ta terabait 1 kuma 931, saboda bambancin yadda ake ƙirga. Red Dead Redemption 2 na neman gurbin gigabait 150, Starfield na 2023 na neman 125. In aka cire wurin Windows, manyan wasanni uku sun cika ƙaramar, ga shi SSD na rage kuzari in ta kusa cika. Wanda intanet ɗinsa ba shi da iyaka sai ya goge wasa ya sake saukewa gobe. A gidan da ake sayen data da awo, goge wasan gigabait 150 tamkar zubar da kuɗi ne.

Sai batun ƙarko. Ma'ajiyar TLC tana ajiye ɗigon bayani uku a kowane ƙwayar gurbi, ta QLC huɗu, shi ya sa ta biyun ta fi araha kuma ta fi saurin gajiya. Kamfanoni kan faɗi adadin rubutun da suka lamunce: Samsung 970 EVO Plus ta terabait 1 tana da terabait 600, Crucial P3 mai girma ɗaya tana da 220. Yayan ya ɗauko biro. In ana rubuta gigabait 50 kullum, 220 za ta kai shekara 12, 600 kuwa ta haura 30. Ashe ƙarewar ba abin tsoro ba ce. Raunin QLC yana bayyana ne in ana zuba mata babban fayil, gudunta ya faɗi a tsakiya.

A shago, mai kaya ya miƙo wata mai rubutun terabait 2, ba sunan da aka sani, a farashin da bai kai na 1 ba. Yayan ya mayar masa cikin ladabi. Akwai ma'ajiyoyin jabu da ke nuna girman da ba su da shi, ba a ganewa sai bayanai sun fara ɓacewa. Ko ta hannu ce mai suna, manhajar CrystalDiskInfo na nuna awannin da ta yi tana aiki da yawan abin da aka rubuta mata, kuma duba wannan kafin biya haƙƙin mai saye ne.

Daren ranar, yayan bai yanke hukunci ba. Ya ajiye takardar lissafin gaban Auta: mai sauri ta 500 da TLC ta terabait 1 mai bin PCIe 3.0 kusan kuɗinsu ɗaya, mai sauri ta terabait 1 kuwa sai an taɓa kuɗin katin hoto.

"Kwamfutarka ce, kai za ka zaɓa."

Auta ya daɗe yana duban takardar, ya lissafa wasanninsa da yatsu, sannan ya ɗora yatsa kan ta biyun.

"Yaya, in wani abu ya ragu, a tara a sayi UPS. Kada wuta ta ɗauke ina tsakiyar saukewa."

Yayan ya rubuta shi a ƙasan takardar, a layin albashin wata mai zuwa.