Ƙarfin aksul ɗin baya na dawowa gida ne

Jama'a, ranar kasuwa in kun ga Hilux ta taso daga ƙauye da lodi, ku ɗan tsaya ta bayanta ku dubi tayoyin baya. Sau da yawa za ku ga kawunansu sun sunkuyo ciki, ƙasansu ya baje waje, gefen ciki na tayar ya cinye alhali na waje da sauransa, ga danshin man giya ya yi wa gangar birki zobe. Wannan mota aksul ɗinta ya riga ya lanƙwashe, ko da kuwa tana tafiya. Mai ita ma ya sani, domin boris ɗin da ya sa watan jiya har ya fara kuka, shi ya sa za ka ji shi yana shawara da makanike a kan a ƙara mata ƙarfi, a sa ƙaton aksul, a ƙara sifirin, a ɗaura manyan tayoyi. Ni ina goyon bayan a ƙarfafa aksul ɗin baya ga motar da ke barin kwalta ta shiga burji da yashi da taɓo. Amma da sharaɗi guda, kuma a kansa zan tsaya: ƙarfin da aka saya a bar shi ya zama ajiya don ranar da abu zai ɓaci a daji. Duk ranar da aka mai da shi izinin ƙara buhu biyar, kuɗin ya tafi a banza, haɗarin ma ya fi na da.

Ƙarfen nan aiki biyu ne a wuyansa, ɗaukar nauyi da juya taya. A Hilux da yawancin ƙananan akori-kura, shaf ɗaya ne ke yin duka biyun a kowane gefe. Ya fito daga tulun tsakiya, wato gidan difarenshiyal, ya bi ta cikin bututun aksul, ya ratsa boris ɗaya tak a bakin bututun, a ƙarshensa kuma aka ɗaura taya. Injin na murɗa shi kamar ana matse wanki, nauyin kaya kuma na tanƙwara shi a daidai bakin boris, kuma da yake juyawa yake yi, gefen da aka danne yanzu shi ake ja nan da rabin zagaye. Wanda ya taɓa tsinka waya da hannu ya san yawan lanƙwasawa gaba da baya ne ke tsinka ta. Haka shaf ke gajiya a hankali, ba tare da ya nuna ba. In ya karye ta wajen boris, ko boris ɗin ya ƙone ya saki, sai taya ta fice da gangar birkinta, motar ta zube a kan bututu, birkin baya ya tafi a daidai lokacin da ake neman sa.

Akwai wata ƙirar, irin wadda ke ƙarƙashin Land Cruiser 79, akori-kurar da Toyota ta fitar a 1999. A nan an raba aikin. Taya na zaune a kan cibiyar da ke juyawa bisa boris biyu a jikin bututun kansa, don haka nauyi na sauka kai tsaye a kan bututu, shaf kuma ba ruwansa da kaya, juyawa kawai yake kai wa taya. Ana gane shi da ido: tsakiyar tayar baya ya yi tsini waje, da ƙananan notuna zagaye da shi. In shaf ya karye, direba zai kwance notunan nan, ya ɗan bubbuga da guduma har ƙananan washa da ke riƙe da shaf ɗin su saki, ya zare shaf ɗin ba tare da ya ɗaga motar ba, ya fitar da guntun da ya rage, ya toshe bakin don kada mai ya zube ko yashi ya shiga, ya sa giyar taya huɗu, tayoyin gaba su ja shi a hankali zuwa gari. Irin wannan aksul ma yana lalacewa. Boris ɗinsa na son giris da ɗauri daidai, ƙusoshin bakinsa kan saki su guntule in ba a duba su. Abin da ya fi ɗan'uwansa da shi, in ya lalace motar na nan tsaye a kan ƙafafunta huɗu.

Wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil zai ga kamar an cika zancen, tunda shi in ya tsaya waya kawai zai buga a kawo masa makanike. Amma ku tuna da masu tashi daga Agadas zuwa Dirku ta cikin Tenere, ɗaruruwan kilomita na rairayi, da mutum ashirin ko fiye a baya, ga jarkokin ruwa da na mai. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta cim musu. Allah ya jiƙansu. A irin wannan wuri, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko motar da ta samu matsala za ta iya ci gaba da rarrafawa. Haka ma motar da ke kai mai naƙuda asibiti da damina ta hanyar da babu sabis ɗin waya. Wannan shi ne abin da ya cancanci a biya wa kuɗi.

Matasa da yawa sun ɗauko sha'awar ƙarfafa aksul daga bidiyoyin Amurka, inda ake cire aksul ɗin asali a sa Dana 60 ko na manyan motocin Ford da Chevrolet, a hau duwatsun Moab a jihar Utah da tayoyi masu inci 37 ko 40. Aikinsu na da kyau, sai dai ciwonsu daban da namu. Su motar ba kaya, tayar ce ƙatuwa, ta maƙale tsakanin duwatsu, injin ya murɗe shaf. Maganinsu shaf mai kauri na ƙarfe mai jure murɗa. Mu kuwa nauyi ne da nisa da gargada ke cin mu, kuma shaf mai tsada ba ya hana bututu lanƙwashewa, ba ya sauƙaƙa wa boris kayan da ke kansa. Manyan tayoyin ma da ake kwaikwayo suna da farashinsu. In ka tashi daga inci 31 zuwa 35 ka ƙara wa shaf murɗa da kusan kashi 13 cikin ɗari duk lokacin da tayar ta kama ƙasa sosai, motar kuma ta yi sanyi a hawa, kuloci ya riƙa shan wuya, har sai an sauya giyoyin tulu, misali daga 4.10 zuwa 4.56, gaba da baya duka.

Wani zai ce ai ƙara sifirin ya fi araha, kuma ga shi motar ta daina zama. Gaskiya ne ta daina zama, amma nauyin bai je ko'ina ba. Sifirin a kan aksul yake zaune, duk abin da ya ɗauka aksul zai miƙa wa. Zaman da mota ke yi ai gargaɗi ne take yi wa mai ita, ƙarin sifirin kuwa toshe mata baki ne, kuma da yake ta yi tauri, kowane rami yanzu kai tsaye yake dukan bututu da shasi. A haɗa da inda ake ɗora kayan. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux kimanin mita uku ne. In ka sauke murfin baya ka jera buhu uku masu kilo ɗari ɗari a mita ɗaya bayan aksul, aksul ɗin kilo 400 zai ji, tayoyin gaba kuma su rasa kilo 100, sitiyari ya yi sako-sako. Motar da aka ƙera don kaya kimanin tan ɗaya, buhu goma ke nan har da direba da yaron mota, in an loda mata ashirin, rabinsu a rataye a baya, babu sifirin ɗin da zai canja wannan lissafi.

Ga ƙorafin da ya fi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba. Mai mota zai ce, Malam, mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, in na zuba kuɗi a aksul sannan ka ce kada in ƙara lodi, ina ribata? Ribar tana nan, sai dai ba a ganinta rana ɗaya. Tana cikin boris da sil da ba za ka riƙa saye duk wata ba, da tayoyin da za su cinye daidai, da kwanakin da motar ba ta kwana a gareji ba, da kayan gwari da ba su ruɓe a hanya ba. In kuwa ka ƙara lodin, ka san raunin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Taya na da iyakarta a rubuce a jikinta, wadda ke ɗauke da lamba 112 kilo 1,120 ne ƙarshenta, kuma da cikakkiyar iska, alhali a yashi sai an rage iskar. Birki na nan yadda kamfani ya auna shi. Shasi kan lanƙwashe a bayan gidan direba. A da in abu ya yi yawa boris ne zai yi kuka ya ba ka kwanaki, yanzu kuwa taya ce za ta fashe a guje, ko birki ya ƙi ci a gangara. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Shi kansa dashen wani aksul aiki ne na lissafi, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ga aksul mai kauri, abu na farko da za ka yi shi ne ƙirga haƙora. Babban faifai mai 41 da ƙaramar giya mai 10, 4.10 ke nan. Mai 43 da 10, 4.30. A ido kamar ɗaya suke, amma in na gaba 4.10 ne na baya 4.30, da zarar ka sa giyar taya huɗu, a kowace mita ɗari gaba da baya za su saɓa da kusan mita biyar, kuma a ƙasa mai tauri giyabos ɗin da ke raba ƙarfi ne zai biya. In ba za a buɗe ba, alli ya isa: a ɗaga taya ɗaya, a yi wa furofela alama, a juya tayar sau biyu cif, a ƙirga zagayen furofela. Sai ƙusoshin taya, Hilux shida gare ta, Land Cruiser 79 biyar, wato ko ka ɗauki safaya iri biyu ko ka sake wata dabara. Sai faɗi. Ko Toyota da kanta, da ta sa injin V8 a Land Cruiser 79 a 2007, ta faɗaɗa gaba ta bar baya ya gaza da kusan santimita goma, har a Ostareliya aka samu masu sana'ar daidaita shi, domin a yashi in tayar baya ba ta bi sawun ta gaba ba sai ta haƙa nata, mota ta yi ta lilo tana shan mai. Mazaunin sifirin kuma sai an yanke an sake walda a kusurwar da furofela ke so, kuma mai waldan da ya zuba wuta a gefe ɗaya ba hutawa zai karkata bututun tun kafin ya ga kaya. Birki, igiyar birkin hannu, da na'urar ABS in motar na da ita, duk sai sun dace da sabon gida. Makaniken da ya ce a ɗaura kawai a gani, a gode masa a nemi wani.

Makullin tulu, wanda ke sa tayoyin baya su juya tare, yana da amfani ƙwarai a taɓo da kwazazzabo, kuma sau da yawa yana ceton shaf, tunda mota za ta fita a hankali maimakon a yi ta ba ta wuta taya na tsalle. Amma a sa wanda ake kullewa a buɗe. Masu yi wa ƙananan giyoyin ciki walda don su samu abin a araha, kowace kwana a kan kwalta da lodi murɗa shaf suke yi.

Saura masu cewa Hilux ba ta bukatar komai. Sunan da ta yi ba na banza ba ne, motocin Toyota irinta da Land Cruiser ne suka sa ake kiran ƙarshen yaƙin Chadi da Libiya na 1987 Yaƙin Toyota. Kuma na yarda yawancin masu ita kulawa kawai aksul ɗinsu ke nema. A saman bututu akwai ɗan hancin da yake numfashi ta cikinsa. In ya toshe da laka, zafi ya tura mai ta sil ya jiƙa birki. In kuma aka shiga rafi da aksul mai zafi, sanyin ruwa ya sa ya zuƙi ruwa, man ya koma kamar koko, haƙora su fara ci. Tiyo mai tsawon hannu biyu da aka ɗaura wa hancin aka kai bakinsa sama cikin bodi, da duba man bayan kowace tsallakar ruwa, sun fi wa irin wannan mota amfani a kan ƙaton aksul mai nauyi, wanda tulunsa ma ya fi kusa da ƙasa. Don haka kafin a yi ciniki, a loda motar yadda aka saba loda ta, a kai ta sikelin manyan motoci, a ɗora tayoyin baya kaɗai, a gwada da iyakar da kamfani ya rubuta wa aksul ɗin baya a littafin motar. In awon na ƙasa da iyakar amma hanyar ce muguwa, nesa da taimako, to dashen ya cancanta. In kuwa ya haura, sawu biyu kayan ke bukata, ko motar Kanta.