Hawan Raƙumin Ruwa

Mu 'yan tudu ba mu san teku ba sai a bakin matafiya. Iyakar ruwan da na sani tun tasowata a Sabon Gari shi ne Kubanni da Galma da kududdufai, sai kuma madatsar ruwan jami'a da na zo karatu Samaru. Duk da haka Bahaushe bai rasa sunan da zai ba tozon nan da ruwa kan yi in iska ta kaɗa shi ba: ya ce igiyar ruwa, ya ce raƙumin ruwa. To, akwai masu hawan wannan raƙumi, su miƙe tsaye bisa allo ya sulalo da su har gaɓa.

Wani kawuna da ya daɗe yana jan babbar mota tsakanin Zariya da Ikko ne ya fara ba ni labarinsu. Ya gan su a Tarkwa Bay, wurin da sai da jirgin ruwa ake zuwa. A ganinsa ganganci ne kawai. Ni kuwa da na bi diddigin abin, sai na tarar ilmi ne ake yi wa kallon wasa.

Shi dai raƙumin nan ba a gaɓa ake haihuwarsa ba. Guguwa ce kan tayar da shi can kudancin tekun Atalantika, ya yi kwanaki yana tafe. In ya iso inda ruwa ba zurfi, sai ƙasansa ya rage gudu, samansa ya yi tozo ya kife. Inda ƙasa ta yi tsini ta shiga teku kuwa, sai ya lanƙwasa ya riƙa karyewa sannu a hankali daga gefe guda, mahayi ya daɗe a kansa. Mahaya kan yi tururuwa zuwa Busua ta ƙasar Gana, kusa da tsinin da ake kira Cape Three Points, da kuma Ngor a Dakar. A gaɓar Ikko da Gana manyan raƙuma sun fi zuwa a lokacin damunarmu. Iskar hunturun nan kuma da ke tsage mana leɓe a Samaru, in ta kai can tana busawa daga tudu zuwa teku, sai ta gyara fuskar ruwa ta yi sumul.

Kada mai karatu ya ce ai wannan wasan Turawa ne. Gaskiya ne wasu Amurkawa sun zo da allunansu Sanagal da Gana da Nijeriya, suka yi fim mai suna The Endless Summer da ya bazu a 1966, kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021. Amma tun a 1834 wani Bature, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yaran Ankara suna hawan igiyar ruwa da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu. Mu ma muna da namu. Dubi Sarkawan Argungu yadda suke kifa ciki bisa gora su ratsa Matan Fada. Allo da gora duk abu guda suke koyarwa, wato ka san halin ruwa kafin ka ba shi jikinka.

Nan ne abin ya dame ni. Mahayi kan zauna a gaɓa ya karanci iska da inda ruwa ke ja kafin ya shiga. Ya san in ruwa ya ja shi ciki ba a kokawa da shi, sai a yi iyo a kaikaice har a kuɓuce masa. Mu fa? In damuna ta yi nisa Kubanni ta kawo, kududdufai suka cika, iyakar darasinmu ga yaro shi ne tsawa da bulala da labarin aljanun ruwa. Yaro kuwa sai ya saci jiki ya je, ba ilmi ba mai tsaro. Unguwa nawa ce ba ta taɓa zaman makokin irin wannan ba?

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, amma hani kaɗai bai taɓa ceton wanda ya riga ya zurma ba. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu mu nemi a sa koyon iyo cikin wasannin makarantun firamare, a kuma ɗauko masunta da suka san Galma su koyar. Allah ya tsare mana ƙannenmu, amin.