Manja a Lokacin Hunturu

A ƙaramar sakandare mun haddace rukuni uku: daskararru kamar dutse, masu ruwa-ruwa kamar kananzir, da masu yanayin iska kamar gas ɗin girki. Har muka shiga jami'a jerin nan yana kanmu. Amma ku duba kwalbar manja a watan Janairu. Da safe sai an ajiye ta kusa da murhu kafin ya zubo, a watan Afrilu kuwa da kansa yake kwarara. To ina za mu sa shi? Manja yana gama narkewa ne wajen digiri 35 na ma'aunin Salshiyos, man kaɗe kuwa ɗumin tafin hannu ya ishe shi. Rukunin abu yana bin zafin wurin ne. Shi ya sa tambayar jarrabawa kan ce "a zafin ɗaki". Kada ku tsallake kalmomin nan, maki ne.

Gero ma yana ruɗa ɗalibai, don yana zuba daga mudu kamar ruwa. Ku ɗauki ƙwaya ɗaya ku gani, siffarta ba ta canzawa. Daskararre ne. Kafur ɗin da iyayenmu mata ke sawa a akwatin kaya kuwa, ƙanƙancewa yake yi har ya ɓace bai jiƙa zane ko ɗaya ba, domin kai tsaye yake komawa iska.