Mu da Muka Tashi a Zamanin Kankare Kati

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni kam ina jin daɗin bana, domin wayar da ke aljihuna yau tana yin aikin da kwamfutocin shagon intanet na unguwarmu gaba ɗaya ba su iya yi ba a da. Duk da haka bara ba ta fita raina. Mu da muka yi wayo a Kano daidai lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan, cikin rashi muka koyi fasaha. Kati da tsada, wuta sai an ga dama, sabis sai an hau tudu. Wannan rashi shi ya tilasta mana sanin yadda kowane abu yake aiki, kuma shi ne ilimin da nake jin tsoron kada ya tsallake ƙannenmu.

A watan Agustan 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, bayan gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisi a farkon shekarar. Kafin nan layukan NITEL a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, tarho sai ofis, sai gidan wane da wane. Da salular ta zo ma ba ta zo da araha ba, don kuɗin layi kaɗai ya haura N20,000. A layinmu kawuna ne ya fara riƙe ta, saboda yana harkar atamfa a Kantin Kwari, kullum yana buƙatar jin farashi daga Legas. Nokia 3310 ce. In ya dawo da yamma ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, sai mu kewaye shi, kowa na fatan a miƙa masa ya buga wasan maciji kafin a kira magariba.

A lokacin N50 ake cira a kowane minti, ko da daƙiƙa biyu ka shiga cikinsa. Bahaushe da ya saba da gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, sai ga shi ya koyi dunƙule ta cikin numfashi ɗaya, idonsa a kan agogon waya. Sai a 2003, da Glo ta zo da lissafin daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi sahu, sannan jama'a suka sami sa'ida. Wanda ba shi da waya kuwa, akwai masu lema a bakin titi: tebur, benci, waya ɗaya ko biyu, ka karanto lamba daga 'yar takarda a buga maka, ka biya kuɗin mintinka.

Mu yara muna da dabarunmu. Filashin ɗaya na nufin na iso, biyu na nufin kira ni. Saƙon tes harafi 160 yake ɗauka, in ka ƙara ko ɗaya an ci kuɗin biyu, shi ya sa sallama ta koma slm, ya kake ta koma ykk, lafiya ta koma lfy. Katin N100 kuwa ba a yi masa garaje. A hankali ake kankare shi da gefen mukulli, don in hannu ya yi nauyi lamba ɗaya ta goge, ka shiga uku. Daga baya aka kawo kiran dare kyauta, daga sha biyu da rabi har wajen asuba, samari da 'yan mata suka ƙaurace wa barci, malamai suka yi ta faɗa a kan masu gyangyaɗi a aji.

Amma ni abin da ya sace zuciyata shi ne kafe, wato shagon intanet. Ina ƙaramar sakandare yayana ya fara shiga da ni. Ɗaki ne mai tsawo, kwamfutoci a jere jikin bango, an raba tsakaninsu da falanki, fanka na juya iska mai ɗumi. Za ka biya a ba ka 'yar takarda mai lambobi, kana shigar da su sai agogo ya bayyana a kusurwar allo ya fara cin lokacinka. Saboda haka tun daga gida ake rubuto wasiƙa a takarda, in an zauna kwafewa kawai za a yi. Hoto daga sama yake sauka layi-layi, ka ga hula, ka jira goshi, ka jira idanu. Yawancin shagunan ta faifan tauraron ɗan'adam da ke kan rufi suke kamo intanet, don manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 sai a 2010 suka fara aiki. In aka ɗauke wuta, ɗakin gaba ɗaya sai ya ɗauki salati, wani ya ɗaga murya: “Oga, a tada inji mana!” Abin da ba ka adana ba ya tafi ke nan. A nan na koyi adana aiki tun kafin in gama shi, kuma har yau ɗabi'ar tana nan.

Ranar da sakamakon WAEC ya fito, layi har waje. Da yake hannuna ya faɗa, ni nake duba wa yaran unguwa, ni nake buɗe musu adireshin Yahoo, ni nake cike musu fom. Wata rana Umma ta tare ni a tsakar gida ta ce, “Kai kullum kafe, kullum kafe. Wai me ake rabawa a can ne?” Na ce, “Umma, ilimi ake rabawa.” Ta dube ni ta ce, “To, Allah ya sa mai amfani ne.” Tun daga ranar, duk manhajar da ta zo hannuna da wannan addu'ar nake auna ta.

Opera Mini ce ta fito da mu daga kafe. 'Yar ƙaramar manhaja ce da ke hawa wayoyi masu madannai, kuma hikimarta ita ce shafin da ka nema sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin an matse shi, sannan ya iso gare ka da sauƙin nauyi. Intanet ba ya hawa waya haka kawai a lokacin, sai an yi saiti da hannu, an rubuta sunan mashiga da wasu lambobi a gurbinsu. Wanda ya iya wannan saiti ya zama malami a majalisa. Muna kashe hotuna don data ta kai mu ƙarshen mako, mun san nauyin kowane shafi, mun san abin da ke shanye batir. Sai manhajar hira ta 2go ta zo daga Afirka ta Kudu ta mamaye makarantu, kowa na ƙoƙarin tauraron matsayinsa a cikinta ya ɗaga. Masu hali suka koma BlackBerry suna musayar lambar PIN, har abin ya zama alamar isa. An rufe BBM, manhajar hirar BlackBerry, tun 2019, 2go kuma sai a labari. Darasin da na ɗauka shi ne kada mutum ya jingina dukan abokansa da ajiyarsa a kan manhaja ɗaya, domin kowace da wa'adinta.

Makarantata ta gaskiya ita ce kasuwar waya ta Farm Centre. In an yi hutu nakan je in zauna wurin wani mai gyara, abokin yayana. Teburinsa bai fi faɗin faranti biyu ba, amma babu abin da babu: fitila mai gilashin ƙara girma, ƙananan sukurdirebobi, tsohon buroshin goge baki, kwalbar sifirit, ƙarfen narka dalma, da kwali cike da matattun wayoyi da yake ciro kayan gyara daga jikinsu. Wayar da ta faɗa ruwa zai warware ta, ya wanke injin da buroshi, ya busar, ya bi layukan wuta ɗaya bayan ɗaya da allurar mita har ya gano inda ta tsaya. Bai yi jami'a ba, buɗewa da ɓatawa da sake gwadawa ne suka koya masa. Ranar da ya fara miƙo mini waya ya ce, “Yaro, kada ka taɓa komai sai ka gane inda wuta take shiga da inda take fita.” Na ce, “To, maigida.” Ya ƙara da cewa, “Kuma wayar mutum sirrinsa ce. Abin da aka kawo shi za ka gyara, kada idonka ya wuce nan.” Na karanta bayanai da yawa a kan kare sirrin jama'a daga baya, ban ga wanda ya fi wannan gamsarwa ba.

A gefensa akwai masu turi, kowa da kwamfutarsa ta cinya. Ka kawo memori a cika maka da karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙi da fina-finai, ka koma unguwa ka raba wa abokai ta Bluetooth. Abin ya yi wa jama'a daɗi, amma ya karya kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, masu shirya fim da yawa suka rasa uwar kuɗinsu. Sai da suka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24 sannan harkar ta sake tsayawa da ƙafafunta. Duk sauƙin da fasaha ta kawo, yana da kyau a tambayi wanda ya biya kuɗinsa.

Zuwan Android, musamman wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu layi biyu da batir mai jimiri, shi ya sa intanet a hannun talaka. A ganina babu abin da ya yi wa Bahaushe rana a wannan zamani kamar saƙon murya na WhatsApp. Na taso na ga Umma tana zama gaban rakoda ta ɗauki gaisuwa a kaset, a naɗe shi a ba mai tafiya Kumasi ya kai wa ƙanenta, amsa kuma sai bayan watanni. Yau tana danna waya ta yi maganarta da Hausarta, da addu'o'inta, kafin ta sauke tukunya amsa ta dawo. Ba ta nemi kowa ya rubuta mata ba, ba ta nemi kowa ya karanta mata ba. Haka kuma haruffanmu masu lanƙwasa, da a da muke maye gurbinsu da waƙafi a gefen harafi, yanzu suna kan madannan waya. Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara tun 2013, marubuta mata kuma suna fitar da littattafai shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, masu karatu na jira.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya ƙara tabbatar mini da ra'ayina. Mai shayi, mai kayan miya, ɗan adaidaita sahu, kowa ya koyi karɓar taransifa da jiran alat, masu POS suka cika kowane lungu. Abin da ya ceci mutane da yawa a kwanakin nan shi ne lambobin banki da ake dannawa a ƙaramar waya mai tocila, ba tare da data ba. Shi ya sa ba na ruɗuwa da tallar sabuwar waya mai idon kyamara huɗu. Tambayoyina uku ne: tana aiki inda sabis ba shi da ƙarfi? Tana kai yini in babu wuta? Wanda ba ya jin Turanci zai iya sarrafa ta? Abin da ya ci wannan jarrabawa shi ne namu.

Abin da ke damuna shi ne sauƙi ya zo, sani ya ja baya. Ƙanena yana riƙe da wayar da mu ko a mafarki ba mu gani ba, amma in data ta ƙare da wuri bai san inda zai duba ya ga abin da ya cinye ta ba. Matasa da yawa a shago aka buɗe musu imel, mai shagon ne ya zaɓa musu kalmar sirri, in waya ta ɓace komai ya ɓace. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta zalla, amma har yau za ka ga yaron da ke wuni a TikTok hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, bai san inda haruffa suke a madannai ba. 'Yan damfara na kiran iyayenmu da sunan ma'aikatan banki su karɓi lambobin katinsu, alhali akwai ɗa ko jika a gidan da ya kamata tuni ya gargaɗe su. Muryar da ba a san mai ita ba tana zagaye gari kafin azahar, ta ɓata sunan wani, ko ta tada hankalin unguwa. A zamanin da kowane saƙo yake cin kuɗi, mutum sai ya yi tunani kafin ya aika. Yanzu da aikawa ta zama kyauta, tunanin ne ya kamata mu riƙe da gangan.

Ba na fatan a koma zamanin minti N50, ko zaman jiran hoto ya sauka. Abin da nake kewa shi ne ƙishirwar sani da muke da ita, da yadda wanda ya gano abu yake rugawa majalisa ya koya wa saura. Wannan ba ya buƙatar rashi, niyya kawai yake so. Kayan koyo yau sun fi na zamaninmu nesa ba kusa ba: darussan gyaran waya, rubuta manhaja, zane da haɗa bidiyo suna nan kyauta, wasu ma da Hausa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yayi yanzu daga rubutun da ke intanet suke koyon harshe, don haka ingancin Hausarsu ya dogara ne da yawan ingantacciyar Hausar da mu muka rubuta.

Saboda haka, ƙanena, ƙanwata, ku shiga saitin wayarku ku san abin da ke ciki. Ku riƙe kalmar sirrinku da kanku. Ku zauna gaban kwamfuta ku koyi bugu da yatsu goma tun kafin ranar jarrabawa. Ku koya wa Umma da Baba cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Ku tantance labari kafin ku tura, ku rubuta Hausa da ƙa'idarta, kuma ku ware ko da awa ɗaya cikin lokacin kallo ku koyi sana'ar da waya za ta ciyar da ku. Allah ya sa abin da ke hannunmu ya zama mai amfani gare mu da al'ummarmu.